Kuku da Tsohon Ma'aunin Jini

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Kuku, har jikokinsa da wannan suna suka san shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana dafa wa wani Bature injiniya da matarsa abinci. Da suka tsufa za su koma ƙasarsu, suka bar masa kaya cike da akwati biyu. Mutum ne mai tsabta da riƙon amana, amma yana da wata cuta guda a zuciya. Ya yarda har cikin ransa cewa duk wani abin kirki a duniya Turawa ne suka fara yin sa, kuma har gobe ba wanda ya kamo su. Abin da bai fito daga can ba, a wurinsa jabu ne. Wanda kuma ya ce masa ba haka ba ne, to akwai abin da yake nema a hannunsa.

In ya shiga kanti ba ya tambayar komai sai ya juya kaya ya duba ƙarƙashinsu. Ya kankare takardar jikin gwangwani da farce ko an liƙa wata a kan wata. Ya shinshina, ya girgiza a kunne, ya harari mai kanti. Masu kantin layinsu duk sun gaji da shi.

Abokinsa guda ɗaya ne, wani mai gyaran agogo da ke da tebur a bakin layi, rediyonsa kullum a kunne. Shekara arba'in suna tare, kuma kusan kowace yamma musunsu ɗaya ne. Kuku zai zauna a kan benci ya fara lissafo abin da Turawa suka ba duniya: agogo, keke, burodi, shayi da madara, takarda, dankali. Mai Agogo kuma, gilashin aiki maƙale a idonsa, ba ya ko ɗago kai zai riƙa zare masa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shayi ganyen mutanen Sin ne, takarda ma can ta fara. Ya ce tumatir da dankali daga wata nahiya can ƙetaren teku aka kwaso su, kakannin Turawa ba su taɓa ganinsu ba.

"To don me ake ce masa dankalin Turawa?" in ji Kuku.

"Don su suka kawo. Kai ma shekara talatin kana kai musu kaza tebur. Kai ka halicci kazar?"

Kuku ya ce shi dai ya lura rediyon nan kullum yabon mutanen gabas take yi, kuma ba banza ba, wani ne ke biyan su. Mai Agogo ya yi dariya. Ya ce shi bai musa ba, a da Turawa sun ƙera agogo masu kyau, hannunsa ya shaida. Amma yau wasu ma sun iya, kuma ko agogon wace ƙasa ne, in ba a buɗe an wanke an sa masa mai ba, zai yi ƙarya.

Cikin kayan da aka bar wa Kuku akwai abin da ya fi so fiye da komai, wani ma'aunin hawan jini a cikin jakar fata. Yana da ƙyallen da ake naɗawa a dantse, da ƙwallon roba da ake matsawa, da fuska mai allura kamar ta agogo. Matar Baturen ma'aikaciyar jinya ce a da, ita ta koya masa yadda ake sa abin saurare a kunne a kama bugun jini. Kuku yana goge shi kowace safiya. Ba wanda ya isa ya taɓa.

Matarsa, wadda unguwa ke kira Inna, mace ce mai haƙuri da barkwanci. Wata shekara ciwon kai ya matsa mata, suka je asibiti. Likita ya ce jininta ya hau. Ya rubuta mata ƙwaya ta sha kullum, ya ce ta rage gishiri, ta kuma riƙa zuwa ana dubawa.

Kuku ya ji tsoro ƙwarai, don yana son matarsa. Ya ce daga yau shi zai kula da ita da kansa. Zuwa asibiti kuwa ba shi da amfani, tunda abin awon da ke gidansa ya fi nasu. Kowace safiya bayan karin kumallo zai zaunar da ita a kujerar falo, ya naɗa mata ƙyallen, ya matsa, ya saurara yana lumshe ido kamar babban likita. Sai ya ce, "Innar yara, jininki kamar na budurwa."

Abinci ma ya karɓe. Ya riƙa hawa mota zuwa wani babban kanti a ƙarshen gari yana sayo kifin gwangwani, da naman gwangwani, da cuku, da miyar da ake zubawa a tukunya a ɗumama kawai. Ya ce wannan ne abincin da ke gina jiki, da shi Baturensa ya kai shekara tamanin. Inna ta ce masa gishirin abin har yanka harshe yake. Ya ce gishirin kasuwa likita yake nufi. Wannan kuwa masana ne suka auna shi kafin su rufe gwangwanin.

Wata rana ya ɗauki kwalin ƙwayar ya juya, yadda ya saba. Ya ga a Indiya aka yi ta. Ya daɗe yana kallon kwalin. Ya tuna yadda mai kemis ya yi ta washe baki lokacin da yake miƙo masa. Washegari ya ce ta riƙa shan rabi. Bayan wata guda, da allurar ma'auninsa ta ci gaba da nuna lafiya, ya ce a huta da ƙwaya haka nan, kada a je neman magani a sha cuta.

Autarsu tana aure a wani gari. Da ta zo ganin gida ta tarar ƙafafun uwarta sun kumbura, kuma tana yawan dafe ƙeya. Ta fita ta sayo sabon ma'auni mai aiki da batir, irin wanda ke rubuta lamba da kansa. Ta naɗa wa Inna, ya yi ƙara, ya nuna ɗari da casa'in. Ta sake, ya nuna kusan haka. Auta ta gane jinin ya hau ƙwarai.

Kuku ya shigo ya same su. Kafin ya dubi lambar sai da ya juya ma'aunin ya ga inda aka yi shi, ya taɓe baki. Ya ɗauko nasa ya auna a gabanta. Ɗari da talatin. Ya tambaye ta a ina ta saya. Ta ce a kemis. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Ya ce wanda ke sayar da ƙwaya shi ne ke sayar da abin da zai ce ka sha ƙwaya, ko yaro ya gane wannan.

Auta ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah mu je asibiti su raba mana gardama. In naka ne daidai, da hannuna zan jefar da wannan."

"Asibitin da kemis ɗin bakinsu ɗaya. Ni kika raina, ko mutanen da suka ƙera wannan tun ba a haife ki ba?"

Auta ta share hawaye. Inna ta so ta kashe maganar da wasa, yadda ta saba. Ta ce, "Malam, da ni ma a Turai aka ƙera ni, da tuni ka yarda da abin da jikina ke faɗa." Ta yi dariya. Ba wanda ya taya ta. Da yamma Kuku ya zare batir ɗin sabon ma'aunin, ya ɗora shi can saman kabad inda hannun Inna ba ya kaiwa.

Ranar da za ta koma, Auta ta tsaya a teburin Mai Agogo ta gaya masa komai. Washegari da hantsi ya rufe teburinsa ya nufi gidan, abin da bai saba yi ba. Bayan gaisuwa ya ce yana so ya ga ma'aunin nan da ake ta ba shi labari. Kuku ya ɗauko da alfahari, amma bai sake shi ba, a hannunsa ya riƙe.

Mai Agogo ya sunkuya ya duba. Ya yaba aikin, ya ce lallai wanda ya yi shi ya san ƙarfe. Sannan ya nuna masa wani abu. A fuskar akwai wata 'yar alama a ƙasa inda allura ya kamata ta kwanta in ba a aiki. Wannan allurar kuwa ta wuce alamar ta zube can baya. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, allurar ta yi tsalle ta tsaya a wani wuri dabam. Ya ce abin yana bukatar a buɗe shi. Zai yi a nan falon, a gaban idonsa, minti goma.

Kuku ya dubi abokinsa. Ya sha jin yadda masu gyara ke buɗe kayan mutane su zare na asali su mayar da na banza. Ya tuna yadda idon Mai Agogo ya yi ƙyalli da ya ga abin, da yadda ya rufe sana'arsa da hantsi don kawai ya zo. Ya tuna kuma jiya an ga Auta a teburinsa. Nan take komai ya haɗu a kansa. Ya ja zif ɗin jakar ya rufe.

"Ashe duk musun nan na shekaru, nan kake nufowa. Ka buɗe, ka zare cikinsa, ka sa min na roba."

Mai Agogo ya miƙe a hankali ya sa takalmansa. A bakin ƙofa ya juya wajen Inna ya ce, "Inna, ki je asibiti, ko da ba da shi ba." Inna ta ce za ta je in Auta ta dawo ƙarshen wata. Ba ta son ta kunyata mijinta a gaban mutane. Daga ranar Kuku ya daina zama a benci. In zai wuce ma ta ɗaya gefen titi yake bi.

Ƙarshen watan bai zo ba. Wata safiya ya auna ta kamar kullum, ya faɗa mata maganar budurwar nan tasa, ta yi murmushi ta fita shanya. Yana goge jakar fata ya ji bokiti ya kife. Ya fito ya same ta zaune a ƙasa jikin bango, tana ƙoƙarin ɗaukar rigar da ta faɗi, hannun dama ya ƙi tashi. Bakinta ya karkace. Tana kallonsa tana son magana, maganar ba ta fita.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta naɗa mata nasu ma'aunin. Kuku yana tsaye, sai ya ga hannunsa ya miƙa da kansa zai juya abin ya duba ƙarƙashi. Ya janye hannun. Lambar ta haura ɗari biyu da ashirin. Likita ya tambaya yaushe rabonta da shan ƙwayarta, kuma me take ci. Kuku ya sunkuyar da kai. Kwana huɗu Inna ta yi, ba ta sake cewa komai ba, Allah ya karɓi abarsa.

Da masu ta'aziyya suka ragu, Kuku ya ɗauki jakar fata ya tafi bakin layi. Mai Agogo ya kashe rediyo. Ba su yi wata doguwar gaisuwa ba. Kuku ya ajiye jakar a kan tebur ya ce, "Buɗe."

Mai Agogo ya maƙala gilashinsa, ya kwance 'yan ƙusoshi uku, ya ɗaga murfin baya. Tsatsa ta cinye siririn sifirin da ke mayar da allura. Haƙoran 'yar ƙaramar tayar ciki sun side, mai ya daskare ya zama kamar ƙasa. A jikin ƙarfen kuwa ga tambarin masu ƙira nan raɗau, da sunan ƙasarsu, da shekarar da aka yi shi.

Kuku ya tambaya da wata irin murya ko jabu ne. Yana fata a ce masa e, ko ya sami wanda zai ɗora wa laifi.

Mai Agogo ya cire gilashin ya ce, "A'a, Kuku. Ba ka yi ƙarya ba, na asali ne. Sai dai ya fi shekara goma da gajiya. Da ka bar ni ranar nan, ko dai na gyara, ko na ce maka ba ya gyaruwa."

Kuku ya zauna a kan benci. Ya daɗe yana kallon allurar da ke kwance a inda ba wurinta ba. Da ya tashi tafiya bai ɗauki jakar ba, Mai Agogo kuma bai kira shi ba.

Ni da na rubuta wannan labari, Inna yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da na gani da wanda aka gaya min kawai na rubuta. Darasin da ke ciki shi ne, sunan ƙasar da aka buga a jikin kaya ba ya warkar da kowa. Allah bai tara hikima a wuri ɗaya ba, kowace al'umma ta karɓa a wurin wata ta ƙara nata. Abin da ya fi kyau jiya yana iya gajiya yau, don haka a gwada shi kafin a ɗora masa rai. Kuma wanda ya mayar da kowa abin zargi, har 'yarsa da amininsa, ya toshe duk ƙofar da gaskiya za ta shigo masa. In mutum biyu masu ƙaunarka sun ce ka sake dubawa, to ka sake dubawa tun da sauran lokaci.