Dalilin da Ya Sa Muƙamuƙin Raƙumi Ya Goce

Dalilin da ya sa raƙumi yake tauna a karkace ba abin dariya ba ne. Na gan ku ɗazu a bakin kasuwa kuna kwaikwayonsa, kowa yana jujjuya haɓa. Ku zauna. Wanda ya sake yin dariya ya tashi ya ba ni wuri.

A da, bakin raƙumi daidai yake. Haƙoran sama suna sauka a kan na ƙasa kamar murfi a kan tukunya. Leɓensa a haɗe. Yana kuma magana kamar ni da ku.

A lokacin akwai wani ƙaton raƙumi, Amale, yana aiki da wani madugu mai suna Tunau. Gishiri suke ɗaukowa daga Bilma su kawo ƙasar Hausa. Tun ranar da suka haɗu Amale ya kafa sharaɗi.

"Madugu, bayana naka ne, ka ɗora abin da ka ga dama. Bakina kuwa nawa ne. Da shi nake ci, da shi nake gaya maka idan kaya sun karkata."

Tunau ya ce ya yarda. Suka yi shekaru haka, babu igiya tsakaninsu.

Wata shekara suka makara a hanya. Ranar Laraba ce, ana zafi, hadari yana leƙowa daga gabas. Kun san gishiri da ruwa. Idan sama ta sauka a kan kantun gishiri, sai dai a kai tabarmar da aka naɗe shi gida. Tunau ya ruɗe. Amale kuwa yana tafiya yana miƙa wuya, ya tsinki ganyen bagaruwa nan, ya tsinki na aduwa can, yadda ya saba.

"Amale, kai cikinka ne ya dame ka. Ba ka ga sama ba?"

"Na gani, Madugu. Tun Agadas ban ƙoshi ba. Idan ban ci ba, da me zan yi saurin?"

Tunau ya bari sai da Amale ya gurfana za a gyara masa kaya, ya zagayo da igiya, ya zura masa zarge a muƙamuƙin ƙasa, bayan haƙora. Ba a wuya ba, inda akwai tsoka. A baki, wurin da aka ce masa kada ya taɓa. Wannan ita ce akala ta farko a duniya.

"Haka muka yi da kai?" in ji Amale.

"Zuwa zango ne kawai. Tashi."

Tunau ya kama gefen hagu yana ja. Duk tafiyar ta gefe ɗaya yake ja. Da la'asar suka zo gindin wata aduwa mai lodin ganye a hannun dama. Yunwa ta sa Amale ya juya kai ya buɗe baki. Tunau ya tattara ƙarfinsa ya fizgi akala.

Ƙas!

Har jakunan da ke bayan ayari suka tsaya. Muƙamuƙin Amale ya goce daga gindin kunne. Ya so ya rufe baki, haƙoran sama suka ci karo da na ƙasa, bakin ya ƙi rufuwa. Da ƙyar ya haɗa kalma.

"Maɗori. Kai ni wurin maɗori."

A garin da suka yi zango akwai wani tsoho mai ɗori, Anaruwa. Ya sa hannu ya lalubi gindin kunnen Amale, ya girgiza kai.

"Wane marar imani ne ya yi wannan?"

"Baba, tsautsayi ne," in ji Tunau.

"Tsautsayi ne ya ɗaura igiyar? Cire ta. Zan mayar da ƙashin mazauninsa, in ɗaure. Ba tauna, ba kaya, sai kunun dusa har sabon wata ya tsaya. Zai warke sarai."

"Sabon wata? Baba, gishirina fa?"

"Ni ba na ɗorin gishiri."

Da Tunau ya bar Amale a gidan nan, ya nemi wasu dabbobin su kai masa kaya, da maganar ta ƙare. Bai yi ba. Ya ja shi zuwa bakin kasuwa, rumfar wani wanzami, Gagare, wanda bai taɓa cewa bai iya ba. Ciwon kai, tsaga. Ciwon ciki, tsaga. Abin da bai tsagu ba, a cire.

"Sarkin Aska, ka taimake ni. Bakin nan nake so ya rufu yau, gobe mu kama hanya."

Gagare ya leƙa. Ko gindin kunnen bai taɓa ba.

"Wa ya ce maka ƙashi ne? Tsohon nan, ko tari ka kai masa ɗori zai ce. Dubi nan. Haƙoran sama ne suke tokare na ƙasa. A kawar da su, baki ya rufu."

Amale ya yi ta girgiza kai yana cewa a'a. Wa ya saurare shi? Majiya ƙarfi suka danne shi. Leɓen sama ya tare wa Gagare hanya, sai ya sa aska ya tsaga shi biyu. Ya ɗauko awartaki ya tumɓuke haƙoran gaba na sama, lafiyayyu, farare, ba wanda ya taɓa ciwo. Bakin ya rufu kuwa, tunda babu sauran abin da zai tokare. A karkace ya rufu. 'Yan kallo suka ce kai, Gagare ya iya aiki. Har da mai ba shi goro.

Amale ya miƙe, jini yana ɗiga, ya nufi ƙofar Sarkin Zango, wanda shi ke raba gardamar fatake. Tunau ya bi shi a guje.

Sarkin Zango yana zaune da dattawa. Ya ce, "Kai ne mai ƙara? Faɗi."

Amale ya buɗe baki zai faɗi sharaɗin da aka karya. Haɓa ta zame hagu, ta dawo dama. Magana ba ta fito ba, sai gurnani da kumfa. Ya sake gwadawa. Haɓa ta sake zamewa.

Wani dattijo ya zabura. "Ranka ya daɗe, baki yake murguɗa mana!"

"Mu?" in ji Sarkin Zango. "A ƙofata?"

Ku dubi Tunau. Shi kaɗai a wurin ya san abin da Amale yake so ya faɗa. Kalma ɗaya ta ishe shi. Sai ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. Haka nake fama da shi a hanya. Shi ya sa na sa masa igiya."

Ba a aika a kira Anaruwa ba. Ba wanda ya tambayi jinin da ke ƙasa na mene ne. Sarkin Zango ya yanke hukunci: wanda ya murguɗa wa manya baki, shi da zuriyarsa, akala ce a muƙamuƙi. Sauran madugai suka ji daɗi. Kafin magariba kowa ya zarge wa nasa raƙumin baki.

Ruwan da ake gudu bai ma sauka ba. Hadarin ya watse.

Washegari da safe Tunau ya zo da kaya. Amale ya gurfana, aka ɗora masa, yana gurnani. Da Tunau ya matso ya kama akala, ya ce, "Haƙuri, Amale, ya riga ya wuce," sai Amale ya tattaro abin da ke cikinsa ya fesa masa a fuska. Ya miƙe, ya ɗaga kai sama, bai ƙara duban mutum ido da ido ba.

Shi ya sa har yau raƙumi yake niƙa abinci gefe da gefe, leɓensa a tsage, gaban bakinsa na sama dasashi ne zalla. Gurnanin da kuke ji idan ana ɗora masa kaya, ƙarar nan ce yake maimaitawa, har yanzu ba a saurare ta ba. Ku kuma kun je kuna murguɗa masa baki. Ku tashi ku ba ni wuri.