Kwandon Farko na Tungar Bauje

Ku yi shiru, sau ɗaya zan faɗa.

Sallau falken busasshen kifi ne. Wata shekara ya je saro kaya Tungar Bauje, ya tarar ambaliya ta cinye gonaki, rumbuna sun zube, mutane na zaune a kan tudu. Ya koma garinsu ba kifi, ya bi gida gida yana roƙon masara. Da ya ga hannun mutane ya yi nauyi, sai ya ce yara na mutuwa. Alhali ko ɗaya bai mutu ba. Masara ta taru.

Hanya kuwa ta yanke. Ilu mai kwalekwale kaɗai ya yarda ya ɗauka. A tsakiyar kogi ruwa ya fara shiga jirgin, Ilu ya soma tura buhuna cikin ruwa. Sallau ya ce, "Kai, abincin bayin Allah ne!" Ilu ya ce, "To ka sauka, buhu ya zauna." Suka isa da abin da ya rage.

A tudu wata tsohuwa, Kande, ita ke rabo. Ta kulle rabin masarar a ɗaki. Sallau ya ce, "Iya, ci aka ba su." Ta ce, "Ɗan nan, in sun ci, ruwa ya janye, me za su shuka? Hularka?" Aka zage ta, gida uku suka bar garin don yunwa, ba su dawo ba. Da ruwa ya janye ta fito da iri, aka shuka a danshin fadama, masara ta yi.

Al'adarsu, kwandon farko na wanda ya raya gari ne, kuma ba a raba shi. Mai gari ya ajiye shi gaban Sallau ya ce, "Kai ka ga komai, kai za ka miƙa."

Sallau ya tsaya. Ya dubi Ilu, ya tuna buhunan da kogi ya ci. Ya dubi Kande, ya tuna gidajen nan uku. Ya dubi hannunsa, ya tuna ƙaryar da har yau mutanen garinsu ba su gane ba. Ya ɗaga kwandon, ya ajiye, ya sake ɗagawa.

To, ku da kuka fi shi kai, wa zai ba?