Ranar da Auta Ta Ce Ba Ta Iya Ba

Akwai wata yarinya ma'aikaciyar jinya, a gida Auta muke ce mata. Jikata ce, ba zan ɓoye muku ba.

Ta gama karatu, ta samu aiki a ɗakin yara na wani asibiti. Ko shekara ba ta cika ba, farin rigarta ma bai dusashe ba, sai wata ƙawarta ta kawo mata labarin wani kamfani. Shi kamfanin nan nas-nas yake tarawa, duk asibitin da hannu ya yi musu kaɗan sai ya tura musu. Yau kina nan, gobe kina can, kuma biyan ya fi tsoka.

Auta ta zo ta same ni ina tsintar wake, ta ce za ta riƙa yi a ranakun hutunta. Na tambaye ta, idan aka jefa ta ɗakin da ba ta san inda ake ajiye almakashi ba, wa zai tsaya a kanta? Ta yi dariya, ta ce ni da nake ɓuya a banɗaki idan an zo yi min allura, me na sani a harkar asibiti? Na ce asibiti kam ban sani ba, amma na sha yin girki a kicin ɗin mutane, na san yadda gwana take komawa 'yar koyo idan ba ta ga gishiri ba.

Ba ta ji ba, ni kuma ban hana ba. Babba ce.

Ƙawar tata ta koya mata dokar aikin, wadda ba a faɗa a ofis. Ta ce nas ɗin kamfani ba ta cewa ba ta iya ba. Duk abin da aka ba ki, ki gyaɗa kai, idan kin shiga ɗaki ki faki ido ki duba waya. Don da zarar asibiti ya kai ƙararki, kamfani ya daina kiranki ke nan.

Wuraren farko duk ɗakin yara ne, ta yi aikinta lafiya, tana dawowa tana min yanga da takalmi.

Sai wata safiya aka tura ta ɗakin manya da aka yi wa aiki. Babbar sistar ɗakin doguwa ce mai kaushin murya, ita kaɗai tana fama da gadaje cike. Ko zama ba ta ba Auta ba. Ta nuna mata wani dattijo da aka huda wa maƙogwaro aka sa bututu, ta nan yake numfashi. Ta ce idan kaki ya taru, ta zuƙe shi da injin da ke jikin bango. Ta tambaye ta ko ta iya.

Auta ta gyaɗa kai.

Gaskiyar magana, a makaranta kawai ta taɓa yi, a jikin mutum-mutumin roba.

Ba a jima ba numfashin dattijon ya sauya, ya koma kamar ana hura ruwa da tsinke. 'Yarsa da ke zaune a gefen gado ta miƙe, ta kama hannun Auta, ta ce mata nas, a taimaki baba. Auta ta kunna inji, ta ɗauki siririn tiyo. Wayar tana aljihunta. Ta dubi dattijon, ta ga idonsa a kanta, ba shi da muryar da zai ce ta yi sauri.

Sai ta ajiye tiyon, ta fita da gudu, ta tsaya a tsakiyar ɗakin, gaban majinyata da masu jinya da mai shara, ta ɗaga murya.

"Sista, ɗazu ƙarya na yi miki. Ban taɓa yin wannan a jikin mutum ba. Ki zo yanzu, numfashinsa ya sauya."

Sista ta yar da abin da ke hannunta. Da ta duba, ashe kakin ya daskare ya toshe ƙaramin bututun da ke cikin na maƙogwaron, zuƙa ba za ta fitar da shi ba, sai da ta zare bututun ta sa wani. Dattijo ya ja iska, ƙirjinsa ya sauka.

Daga nan sista ta juyo ta wanke Auta tas a bainar jama'a. Ta ce ba ta da lokacin renon 'yan koyo, kuma kafin azahar ta kira kamfani. Kamfani bai sake neman Auta ba.

Ta dawo gida ido jawur, ta zube a ƙafafuna, ta ce ta kunyata kanta, ƙawarta ma cewa ta yi ta zubar musu da mutunci. Ni ban iya rarrashi ba. Na tambaye ta abu ɗaya.

"Tsohon yana numfashi?"

"Yana yi, Kaka."

"To tashi ki ci abinci. Gyaɗa kan da kika yi, shi ne abin kunya, kuma da bakinki kika gyara shi. Ban taɓa alfahari da ke kamar yau ba."

Bayan 'yan kwanaki waya ta shigo wa Auta, sai ga muryar sistar nan mai kaushi. Ba ta ba da haƙuri ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce ƙarar da ta kai tana nan, don bai kamata kamfani ya turo mata ɗanyen hannu ba. Amma an sha turo mata masu gyaɗa kai, ba ta taɓa samun wadda ta fito ta tona kanta saboda majinyaci ba. Idan Auta tana so, ta riƙa zuwa ranar hutunta ta tsaya a gefenta ta koya.

Auta ta je, har yanzu tana zuwa. Faɗa kam tana shan sa. Ranar da aka cire wa dattijon bututu aka sallame shi, ita ce ta tura shi a keken marasa lafiya har bakin mota. Muryarsa ba ta gama dawowa ba, sai da ta sunkuya sannan ta ji abin da yake cewa: Allah ya yi miki albarka, 'yata.

Darasi: Takardar makaranta ba ta sa ɗanyen hannu ya nuna. Ku sababbin ma'aikata, ku zauna ƙarƙashin manya ku ƙware kafin ku fara yawon asibitoci, kuma duk ranar da aka ba ku abin da ya fi ƙarfinku, ku buɗe baki ku faɗa, ko da aikin zai tafi. Ku tura wannan ga duk mai ɗa ko 'ya a aikin jinya.