Kunnen Sha-Raɓa da Hannun Arzika

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ko da ɗaci ne.

Wani maharbi ne a wani gari, sunansa Arzika. Yana da kare, ana ce masa Sha-Raɓa, don kullum shi ke riga kowa shiga daji tun raɓa ba ta bushe ba. Karen nan bai fi sauran karnuka ƙarfi ba, bai kuma fi su gudu ba. Kunne Allah ya ba shi. In zomo ya motsa a bayan tudu, ya ji. In gada ta taka busasshen ganye, ya ji. Shekara bakwai kunnen nan na ciyar da gidan Arzika. Da naman da ya kamo aka gina ɗaki, da shi aka ɗinka wa Arzika farar riga.

To, farar rigar nan ita ta jawo komai. Da Arzika ya sa ta, sai ya fara zama a gindin durumin ƙofar gari tare da masu faɗa a ji. Su kuwa naman suna ci har su suɗe hannu, amma in ya miƙo nasa hannun a gaisa, sai su ba shi kan yatsu. Ran nan wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Ai mai kare ne." Maganar ta soki Arzika. Sai ya rantse a gabansu hannunsa ba zai ƙara taɓa kare ba. Daga ranar, ƙashi ma daga nesa yake jefa wa Sha-Raɓa.

Ana nan, ana nan, sai damina ta kankama. Sha-Raɓa ya yi ta iyo a fadama yana koro agwagin ruwa, ruwa ya kwanta masa a kunne. Sai kunnuwan suka fara wari kamar daddawar da ta kwana a jiƙe. Ya yi ta kaɗa kai, ya yi ta susa da ƙafa. Da abin ya ishe shi, sai ya zo ya durƙusa ya roƙi maigidansa ya duba masa. Arzika ya toshe hanci, ya ce ya matsa can.

A gidan akwai Gwaggo Yelwa, ƙanwar uban Arzika, wadda ta tashi cikin karnukan farauta. Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, tsufa ya ci ƙarfin hannunta, shi kuma Sha-Raɓa ba ya ba kowa kansa sai maigida. Sai ta kira Arzika ta ce abin ba wuya. Ya samo tsumma mai laushi, wankakke, ya tsoma a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ya matse shi sarai. Ya ɗora kan karen a cinyarsa, ya ɗaga kunnen, ya naɗa tsumman a yatsa, ya share dauɗar a hankali iyakar inda ido ke gani. Ya murza gindin kunnen, ya bar shi ya kakkaɓe kai, sannan ya goge da busasshen tsumma.

Ta ce, "Inda yatsa bai kai ba, kada komai ya kai. In ka ga jini ko mugunya, ko ya yi kuka da ka taɓa, ɗauke hannunka ka kai shi ruga wajen mai maganin dabbobi."

Arzika ya ce ai ya yi rantsuwa. Ta ce rantsuwa tana da kaffara, hannu kuma in ya ɓaci a wanke, ruwa bai ƙare a rijiya ba. Ya ce ita tsohuwa ce, ba ta san zaman mutane ba.

Ashe labari ya kai daji. Dila ya ji, shi da kunnen Sha-Raɓa ya hana barci shekara bakwai. Sai ya naɗa rawani ya rufe bakinsa, ya rataya zabira, ya shigo gari a matsayin wanzami. Ya yi sallama, ya ce ya san yadda ake wanke kunnen kare hannu bai taɓa shi ba. Arzika ya ji kamar an yi masa bushara.

Sha-Raɓa ya shaƙi iska, ya ce, "Maigida, baƙon nan warin daji yake yi."

Arzika ya yi dariya, ya ce, "Kai ne za ka yi maganar wari?"

Sai aka ɗaure kare a turke. Wanzami ya tsaya can bayan danga, wai shi ma yana tsare tsarkinsa, yana ba da umarni daga nesa. Ya ce a jiƙa toka da barkono, a ɗaura ludayi a bakin doguwar gora, a ɗaga kunnen da sanda a tsiyaya. Sha-Raɓa ya ga ludayi na tahowa, sai ya ce:

"Maigida, ba nama nake roƙo ba,
Yatsa ɗaya da tsumma."

Arzika ya tsiyaya. Kare ya yi ta birgima yana kuka. Kunnuwan suka kumbura, wari ya ƙaru. Gwaggo Yelwa ta ce a kai shi ruga yau. Wanzami ya ce magani ne ke faɗa da cuta.

Kashegari sai ya ce a samo kara mai tsawon kamu uku, a ɗaura masa gashin kaza a baki, a tura a juya. Sha-Raɓa ya sake cewa:

"Maigida, ba nama nake roƙo ba,
Yatsa ɗaya da tsumma."

Arzika ya tura ya juya. Dauɗar da ke bakin kunne ta koma can ciki ta cushe. Gwaggo Yelwa ta lalubo turken za ta kwance igiya, Arzika ya janye ta ya zaunar.

Rana ta uku wanzami ya ce saura ƙiris. Dauɗa ta taru wuri ɗaya, sai a fiƙe tsinke a ɗaura a karan, a caka a zaƙulo ta. A wannan karon Sha-Raɓa maigidansa kawai ya kalla. Arzika ya caka a dama. Jini ya biyo. Wanzami ya ce madalla, cuta ta fito, saura hagu. Kun ji mutum da hankalinsa, sai ya caka a hagun ma. Da ya waiwaya don ya yi wa wanzami godiya, ba kowa a bayan danga, sai rawani a rataye da sawun dila a laka.

Sannan ne fa aka ja kare da igiya zuwa ruga. Mai maganin ya ɗora kan karen a cinya ya duba, ya girgiza kai. Ya ce da tun farko aka zo, aikin kwana uku ne. Yanzu zai iya kashe warin, amma dodon kunne ya fashe duka biyun, wannan sai Allah.

Wari ya tafi, ji ma ya tafi. Zomaye suka koma kiwo har bakin gari. Tukunyar gidan Arzika ta manta da nama. Da yunwa ta matsa, sai ya saɓi baka ya shiga daji, Sha-Raɓa na gaba yana bin sawu da hanci, shi kaɗai ya rage masa.

Suna cikin tafiya, Arzika na kan tudu, sai ya hango gyado, aladen daji, ya fito daga rami ya nufo karen ta baya. A da, fito ɗaya ya isa ya gargaɗe shi. Ya yi fito, kare bai ɗago ba. Ya kira sunansa, bai ɗago ba. Ya kwarma ihu har muryarsa ta dushe, Sha-Raɓa na nan kansa a ƙasa, yana nema musu abin da za su ci. Kafin kibiya ta bar baka, gyado ya farke shi da haure ya wuce.

Arzika ya jefar da baka ya sheƙa a guje. Ya zube ƙasa, ya ɗauki kan karen ya ɗora a cinyarsa, daidai yadda Gwaggo Yelwa ta ce tun farko. Ya shafa kunnuwan, yana kuka, yana roƙon gafara. Ya roƙa ya roƙa, amma wa zai ji?

Sha-Raɓa ya buɗe ido ya ce, "Maigida, ina ganin bakinka na motsi. Ashe hannunka na da ɗumi, na manta." Sai ya mutu.

Arzika ya rungumo shi ya biyo ta ƙofar gari, farar riga ta rine da jini. Masu zaman durumi suka janye tabarminsu kada ya goge su. Ɗaya ma har ya tambaya ko yau ba a samo nama ba.

A gida Gwaggo Yelwa ba ta yi masa faɗa ba. Da ya gama binne karen, sai ta sa ƙafa ta turo masa ƙwarya cike da ruwa. Ta ce, "Wanke hannunka. Ka ga, ruwan bai ƙare ba."

To, kun ji. Abin da ke ciyar da kai, kada ka ji ƙyamar sa masa hannu don bakin mutane, su ba za su taya ka haƙa rami ba. In kunnen karenku ya yi wari, tsumma da yatsa, iyakar inda ido ke gani. Abin da ya wuce nan, a kai wa masu sani.

Kurunkus kan dila, ya bar rawaninsa a danga.