Baba Katung da Jirgin Likita

Akwai wani likita a garin Silver Spring na ƙasar Amurka mai suna Dakta Nasir, mutumin Zariya. Abin da ya fi so a ranar hutunsa shi ne ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, amma yana da tukunyar ruwa, da wutar gas a ƙarƙashinta, har da usur. Shekara uku ya yi yana harhaɗa shi da hannunsa.

Duk Asabar yakan kai shi wani fili kusa da garin Laurel, inda masu irin wannan sha'awa suka shimfiɗa ɗan layin dogo.

Wata Asabar a 2012 ya lura da wani dattijo sanye da kayan gadi, tsaye a bakin shinge yana kallo. Babu wanda ya kula shi. Can jirgin ya yi usur, sai dattijon ya ce, "Ikon Allah!"

Nasir ya juyo da sauri. "Baba, ashe na gida ne? Ina kwana? Shigo mana."

"A'a, kar in takura muku."

Sai da Nasir ya je da kansa ya buɗe ƙofa, ya kawo masa kujera da shayi. Sunansa Katung, daga Kafanchan, yana gadin wata ma'ajiyar kaya a kusa. Tun daga ranar ba ya fashi. Yakan zauna shiru yana murmushi, Nasir kuwa yana ta yi masa bayanin yadda tururi ke tura ƙafafun jirgi.

Ranar da ƙungiyar masu ƙananan jiragen ta gayyaci jama'a kallo, filin ya cika. Jirgin Nasir ya yi zagaye kusan goma da taragai shida, ana ta tafi. Sai Baba Katung ya miƙe.

"Likita, kashe wuta."

"Baba, da sauran ruwa. Ga shi nan a gilashin awo, ya kai rabi."

"Gilashin ƙarya yake yi. Tun ɗazu ruwan bai motsa ba ko a kwana, kuma numfashin jirgin ya canza. Kashe!"

Nasir ya dubi jama'a, kunya ta kama shi. Amma ya tare jirgin ya rufe gas.

Da jirgin ya huce suka duba, sai ga shi datti ne ya toshe bututun gilashin. Ruwan da ya rage a tukunya bai cika cokali biyu ba. Da an ƙara zagaye ɗaya, da ta ƙone.

Nasir ya ce, "Baba, ina ka san wannan?"

"Shekara goma sha ɗaya na yi ina zuba wa jirgi kwal tsakanin Kafanchan da Makurɗi."

"Shi ne ka bar ni wata da watanni ina koya maka?"

Dattijon ya yi dariya. "Ai daɗin ji nake, Likita. Kuma ba ka faye yin kuskure ba."

Suka wanke bututun tare, suka zuba ruwa. Nasir ya miƙa masa abin kunna wuta ya ce, "Bismillah Baba, yau kai ne direba."

Darasi: Kada ka raina mutum saboda kayan jikinsa ko aikin da ka tarar yana yi, domin ba ka san abin da ya sani ba. Ka girmama shi, kuma idan ya yi maka gyara ka saurara ko da a gaban jama'a ne. Ku tura wa 'yan uwa da abokai su ma su amfana.