Kujerar da Ba a Zama a Kanta

Godiya ta tabbata ga Ubangiji Allah da bai bar bayinsa marayu ba. Cikin ni'imomin da ya yi wa ikilisiyarmu akwai malaminmu, masani mai zurfin ilimi a Maganar Allah, ma'abocin tawali'u da haƙuri, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba sai a waƙar yabo, can ɗin ma, Allah ya gafarta mini, muryar ba wani daɗi gare ta ba.

Malam yana da wata al'ada da ta daɗe tana ɗaure wa kafintanmu kai. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya sa shi ya ƙera kujera mai hannu, ya ajiye ta gefen teburin karatu a ɗakin addu'armu, kuma ba mai zama a kanta, shi kansa a benci yake zama. Da kafinta ya tambayi ta wane ne, sai Malam ya ce, "Ta Mai gidan ce," bai ƙara ba. Kafinta ya ci gaba da shafa mata mai, yana gunaguni a ransa duk Lahadin da ya ga tsofaffi a tsaye ga kujera a banza.

Ana nan sai wani mai hannu da shuni, wanda ya saye filayen da ke kewaye da mu, ya samo takardar rushe ɗakin addu'armu. Ranar da aka ce katafila za ta zo, kafinta ya iso da hantsi riƙe da guduma, niyyarsa ya ɓalle ƙofofi ya kwashe bencuna kafin a haɗa da su. Ya iske Malam yana shara.

"Malam, mu tsira da ɗan abin da za mu iya."

"Bar su, ɗana. Goge kujerar kawai."

Ya goge cikin haushi da tsoro, suka fito suka tsaya a inuwa. Katafila ta iso tare da ma'aikata. Direban ya shiga ya duba ko da saura wani a ciki, sai ga shi ya fito yana faɗa.

"Ku fito da mutumin nan da ke kan kujera mana! Ni ba zan danne rai ba."

Kafinta ya ruga ciki, ya duba har ƙarƙashin tebur, ya dawo yana haki. "Babu kowa, maigida! Ni na goge kujerar yanzun nan!" Sai da maganar ta fita ya gane cewa shi ne ke roƙon a rushe musu ɗaki, ya kama bakinsa.

Shugaban ma'aikatan ya yi tsaki, ya shiga da kansa. Ya jima, sannan ya fito da hularsa a hannu, fuskarsa ta canza. Ya ce akwai mutum zaune a kujerar nan kamar a gidansa, kuma da ya dube shi sai ya manta abin da ya kawo shi. Suka juya katafilarsu, har yau ba su dawo ba.

Jama'a na ta murna, kafinta kuwa ya koma ciki ya zura wa kujerar ido, bai ga komai ba sai sawun tsummansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya yi ƙwalla.

"Malam, shekara goma sha biyu ina shafa mata mai. Masu rushe mu sun gan shi, ni ban gani ba. Me na yi?"

Malam ya jingine tsintsiya, ya ce, "Su sai da suka gani suka tsaya. Kai ba ka gani ba, amma ka ƙera masa wurin zama."

Kafinta ya ce har gobe bai gama gane maganar ba, amma ya daina gunaguni in yana shafa man.

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu mai zama tare da nasa. Allah ya ƙara wa Malam daraja da nisan kwana, ya sa albarkarsa ta lulluɓe mu, mu da ba mu gani ba. Amin.