Jawabin Tuban Kura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na jira!

Wata shekara awaki da tumaki suka hana Kura shan ruwa a rijiyarsu, suka ce sai ta tsaya gaban taro ta yi jawabin tuba. Kura kuwa kun san ta, ga ƙarfi ga tsoro. Ta garzaya wurin Dila.

Ta ce, "Malam, in na ga taro gwiwoyina rawa suke yi."

Dila ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. Ki ɗauka abin da kika fi so a duniya aka jera miki."

Kura ta yi ta gwaji gaban kututture har muryarta ta daina rawa.

Ranar taro ta miƙe ko gezau. Ta dubi tumaki, ta dubi awaki, sai miyau ya tsinke mata. Ta gyara murya ta ce, "Salamu alaikum, ya ku tsire da balangu!"

Kafin ta kai ga "na tuba", kowa ya ranta a na kare. Washegari aka shinge rijiya da ƙaya.

Dila ya ce, "Yaya taro?"

Kura ta ce, "Malam, laƙaninka ya ci, ko ɗar ban ji ba. Su ne dai matsorata."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ba don Gizo ba, da kun ce ƙarya na shirga.